Ƙanin maiɗakina ya ce zai lamunce mini uwar kuɗina a kamfanin magani, ya halatta in shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan fansho ne a Tudun Wada, Kaduna. An biya ni giratuti naira miliyan 11 bayan na daɗe ina bin sawu. Ƙanin maiɗakina masanin haɗa magunguna ne, shi da abokansa biyu sun buɗe ƙaramin kamfani a wajen Kakuri, suna aikin wani maganin sikila daga itatuwan gida. Ya ce sun riga sun sami lambar NAFDAC, saura gwaji a asibiti, shi ne suke neman jari. Ya nemi in saka miliyan 5 a ba ni kashi 10 cikin 100 na kamfanin. Wani malami a unguwarmu ya ce caca ce, tunda an ce cikin magani goma da ake gwadawa tara faɗuwa suke yi. Amma yaron ya ce kada in damu, in abin bai yiwu ba nan da shekara uku shi da kansa zai mayar mini da kuɗina cif, har a rubuce. Tunda kuɗina ba za su salwanta ba, ina ganin maganar caca ta kau. Ya halatta in shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa albarka a abin da aka biya ka. Maganar caca da ta dame ka mai sauƙi ce. Alkawarin nan da ka kawo a ƙarshe don ka kwantar da hankalinka, na mayar maka da kuɗinka cif, shi ne ya ɓata cinikin.

Saka jari a kamfanin da ke neman magani halal ne a asalinsa, kuma ba caca ba ce. Wanda ya sayi masara a Saminaka da kaka ya ajiye bai san ko farashi zai hau ko zai karye ba, ba kuma wanda ya kira shi ɗan caca. A caca abin da wani ya ci shi ne abin da wani ya rasa, ba aiki ba kaya. A nan kuwa ku huɗu tare za ku samu, tare za ku rasa. Alƙaluman da malamin unguwarku ya ji gaskiya ne: cikin magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan ɗaya cikin goma ne ke samun izinin shiga kasuwa. Yawan faɗuwa dalili ne na taka tsantsan, amma ba ya mayar da halal haram. Haƙƙin mallakar fasaha, wato wanda ke hana wani kwaikwayon abin da ka ƙirƙira ba izininka, shi ma dukiya ce da ake saye a sayar, Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988.

Inda aka sami matsala: abokin tarayya ba ya lamunce wa abokin tarayyarsa uwar kuɗi. Duba yadda cinikin ya zama da wannan sharaɗi. In magani ya yi nasara kana da kashi 10. In ya faɗi kana da miliyan biyar ɗinka. Kuɗin da dole a mayar da shi ko ta halin ƙaƙa sunansa bashi, ko da an rubuta "hannun jari" a saman takardar, bashin da aka haɗa shi da fatan ƙari kuwa ka san hukuncinsa. Riba tana bin ɗaukar asara. A kan hana wannan sharaɗi mazhabobi huɗu ba su saɓa ba, saɓaninsu a kan ko sharaɗin kaɗai ne ya ɓaci ko har da ƙullin gaba ɗaya, kuma a wurin Malikiyya ƙiradi, wato ba wani jari ya juya a raba riba, in aka ɗora wa mai aiki lamuni ɓatacce ne.

Na san za a kawo maka wani ra'ayi, don ya yaɗu tsakanin masu karatun hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Wasu malaman zamani sun ce amana ta yi ƙaranci, saboda haka a bar mai kuɗi ya ɗora wa mai juya su lamuni, kamar yadda magabata suka lamuntar da masu sana'a: tela in yadi ya ɓata a shagonsa shi ke biya, haka marini, haka maƙeri. Suka ƙara da cewa mutum ne ya yarda da bakinsa, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu.

Ƙiyasin bai zauna ba. An lamuntar da tela ne saboda yadin yana hannunsa, a bayan idon mai shi, kuma zargin da ake gudu shi ne ya ɓoye ya ce an sace. Shi ya sa a mashhurin mazhabar Malik in aka sami shaidun da suka ga gobara ta cinye shagon ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Lamunin zargi ne, hujja tana kau da shi. Abin da surukinka ya ɗauka kuwa daban ne: zai biya ko da ya yi aikin yadda ya kamata, ko da duk likitocin asibitin koyarwa na Shika sun shaida cewa maganin ne kawai bai yi aiki ba. Ba telan da aka taɓa ɗora wa irin wannan. Sannan tela ladan ɗinkinsa yankakke ne, ba ya jiran kasuwa. Wannan yaro zai yi shekara uku yana aiki, in abin ya faɗi ya rasa wahalarsa, ya rasa nasa jarin, sannan ya biya naka. Kai kuma da ba ka rasa ko kwabo ba, da an dace, da da kai aka raba ribar. Yarda da baki ba ta gyara wannan, mai karɓar bashin kuɗin ruwa ma ai da bakinsa yake yarda.

Akwai kuma ɓarnar da ta keɓanta da sana'ar magani, wadda masu wancan ra'ayi ba su duba ba don banki suke tunani. Wanda ya san in gwaji ya faɗi sai ya sayar da gidansa ya biya mijin yayarsa, wa ya fi shi buƙatar gwajin ya yi kyau? Sakamakon gwaji ta hannunsa zai bi. Yaro uku sun kwanta asibiti bayan shan maganin, sai a rubuta cewa zazzaɓin cizon sauro ne. Alƙaluma ba su nuna bambanci ba, sai a cire waɗanda suka fi jin jiki daga lissafi. Ba na zargin surukinka, ban san shi ba. Amma sharaɗin da zai sa mutumin kirki ya zaɓa tsakanin gidansa da gaskiyar abin da ya gani a jikin 'ya'yan mutane, ba sharaɗin da Shari'a za ta sa wa hannu ba ne. Kai da kanka kana buƙatar mutumin da zai iya zuwa ya ce maka "Yaya, abin bai yi ba, mu tsaya nan" tun kuɗin ba su ƙare ba.

Tambaya guda kuma: daga ina zai biya? Kamfanin da bai fara ciniki ba ba shi da abin mayarwa sai kuɗin sabon mai saka jari. Biyan na farko da kuɗin na baya kuwa, mutanen ƙasar nan sun ga inda yake kaiwa tun MMM a 2016.

Abin da ya halatta ka nema yana da faɗi. A rubuta cewa duk asarar da ta zo ta hanyar ha'inci, ko sakaci, ko saɓa sharaɗi, su ne za su biya: a kashe kuɗin gwaji a sayen mota, a fara gwaji ba izini, a ɓoye maka rahoto. Kana iya karɓar jingina ko mai tsaya musu a kan wannan kaɗai. Wani na uku da ba shi da hannu a kamfanin yana iya ɗaukar lamuni kyauta, amma surukinka ba na uku ba ne tunda shi ne mai kamfanin. In asara ta auku daga baya ya ga dama ya ba ka wani abu, ba sharaɗi ba alkawari, halal ne. In kuwa kuɗinka cif kake so, ba shi rance don Allah, ba kashi 10 ba komai.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Lambar NAFDAC ɗin nan, karɓi kwalbar ka duba ko tana ƙarewa da harafin L. Wannan rajistar wucin gadi ce ta maganin gargajiya, ta shekara biyu, ma'anarta an duba ba a ga alamar cutarwa ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da komai. Tsakaninta da magani tabbatacce akwai doguwar tafiya: gwaji a mutane 'yan gommai don a ga adadin da jiki ke ɗauka, sannan a marasa lafiya ɗaruruwa don a ga ko yana aiki, sannan a waɗanda suka fi haka yawa a gwama shi da maganin da ake da shi. A duniya sabon magani yakan ci shekara 10 zuwa 15. Shekara ukun da aka ce maka, ka tambaya wane mataki za ta kai. Haƙƙin mallakar fasaha kuma shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da takarda, yana ƙonewa tun ana gwaji. Ka ga takardar da idonka, ka ga da sunan wa take. In da sunan mutum take ba kamfani ba, kashi 10 ɗinka na kujeru da janareta ne.

Maganin itace yana da tasa matsalar. Ganyen da aka ciro da damina da wanda aka ciro da hunturu ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, haka na wannan gona da na waccan. In ba su da ma'aunin da ke tabbatar da cewa kwalbar Janairu daidai take da ta Agusta, gwajin ba zai nuna komai ba. Ka nemi sakamakon gwajin ajiya, wanda ake sa magani wata shida a zafin digiri 40 da laima kashi 75 a ga ko ya lalace.

Wannan hanya an bi ta. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da maganin sikila Niprisan daga masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace, aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, uwar kamfanin a Amurka ta durƙushe a 2008, masu shan maganin suka neme shi suka rasa. Kuɗi ne suka kashe shi. Ga kuma akasin haka: Pfizer ta sayi kamfanin da ya yi maganin sikila Oxbryta a kan dala biliyan 5.4 a 2022, a Satumbar 2024 ta janye shi daga kasuwannin duniya saboda abin da ya bayyana na haɗarinsa. Izini ma ba ƙarshen kasada ba ne.

Ka yi lissafin kasonka da kyau. Miliyan 5 a kan kashi 10 yana nufin an yi wa kamfanin kuɗi miliyan 50. Wa ya yi masa, a kan me? Sannan za su sake neman jari, wannan babu makawa. In aka kawo sabuwar miliyan 50 a kan darajar nan, kasonka ya koma 5. In sakamako ya zo da rauni darajar ta faɗi zuwa miliyan 25, ka koma uku da 'yan kai. A rubuta cewa kai za a fara yi wa tayi kafin bare. Tambaye su nawa suke kashewa a wata: wanda ya tara miliyan 30 yana kashe biyu da rabi, wata 12 gare shi. Sinadarai da kayan awo da dala ake sayo su daga Indiya da Sin, kasafin da aka yi kafin Yunin 2023, lokacin dala tana wajen naira 460, ya zama tarihi da ta haura 1,500 a 2024.

Kada ka ba da kuɗin a dunƙule, kuma kada ka tura asusun mutum. Raba su uku: kashi na farko in ka ga sunanka a rajistar masu hannun jari a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, na biyu in sun nuna amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da izinin gwaji na NAFDAC, na uku in sakamakon farko ya fito. Maganar izinin nan addini ce kafin ta zama doka. Abin da ya faru da yara a Kano a gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996 bai kamata a sake shi da kuɗin Musulmi ba. A yi wa iyaye bayani da Hausa, kuma kada a sa kowa ya bar maganin da likita ya ɗora shi a kai. Ka tambaya ko kamfanin ya ci bashin banki mai kuɗin ruwa. Sassaucin da ake ambata, na yarda da kamfanin da irin wannan bashin nasa bai wuce kashi 30 na darajarsa ba, an yi shi ne don manyan kamfanonin kasuwar hannun jari inda mai ƙaramin kaso ba shi da ta cewa. Ku huɗu ne a ɗaki, kana da baki, a sa hanin a takarda. Zakka kuwa tana kan kasonka na tsabar kuɗi da kayan sayarwa da ke hannun kamfanin in shekara ta zagayo.

Alhaji, miliyan 5 kusan rabin giratutinka ne, kuma ba za a sake biyanka wani ba. Ni ina ganin alkawarin lamunin ne ya kai ka wannan adadi. Cire shi, ka tambayi kanka nawa za ka iya rasawa gaba ɗaya ba tare da tukunyar gidanka ta sauka ba, ba kuma tare da ka daina amsa gaisuwar yaron nan ba. In miliyan ɗaya ce, ita za ka saka. Ka zaunar da maiɗakinka ka faɗa mata adadin da kuma cewa zai iya tafiya, tun yanzu, don ita ce za ta tsaya tsakanin miji da ƙani. A rubuta yarjejeniyar a wurin lauyan da ba na kamfanin ba, da shaidu biyu, a goge maganar mayar da uwar kuɗi. In an yi haka ya halatta ka shiga. Wallahu a'alam.