Daga Bakin Murhu: An Ce A Rage Gishiri, A Ƙara Ganye

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Watan jiya aka auna maigidana aka ce yana da hawan jini. Likita ya rubuta masa magani, ya ce a rage gishiri, a riƙa cin kayan lambu. Tun ranar kullum da daddare nake haɗa masa salak: latas, kabeji, karas, kokwamba da bama. Yanzu kuɗin cefane ya fara gazawa, shi kuma ya fara cewa shi fa ba akuya ba ne. Miyar da na rage wa gishiri kuwa, loma biyu yake yi ya ture kwanon. Yaya zan yi? Uwargida, daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya biya ki wannan ɗawainiya. Ki fara sauke wa kanki nauyin salak ɗin nan. Da likita ya ce kayan lambu, bai ce lallai sai wanda ake yankawa ɗanye a lafta masa bama ba. Alayyafo kayan lambu ne, haka zogale, rama, yakuwa, lalo, kuɓewa, kabewa, gauta da yalo. Duk suna nan a kasuwar unguwarku, kuma kuɗin kwalbar bama guda zai saya miki ganyen kwana da kwanaki. Ita bama ɗin ma mai ce da gishiri, abin da ake gudu ke nan kike zuba masa da hannunki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma ba a lissafa dankali da rogo da doya a ciki. Mu ba ganyen muka rasa ba, rabon ne ba mu iya ba: malmala uku ta tuwo, miya ludayi ɗaya, ita ma tsululu. Ki juya lissafin. Tuwo ya ragu, miya ta yi kauri da ganye har cokali ya tsaya.

Ki gwada masa taushe ta gaskiya. Ki dafa kabewa da ɗan nama ko ƙashi har ta yi laushi, ki dame ta a cikin romon. Ki zuba jajjagen tattasai, attaruhu da albasa, da daddawa dakakkiya, ki bari su nuna. Sai niƙaƙƙiyar gyaɗa kamar ludayi guda, ki rage wuta don kada ta kama. Yakuwa kaɗan ta biyo baya. Alayyafo shi ne na ƙarshe, kuma a nan yawancinmu muke ɓata aiki: minti uku zuwa biyar ya ishe shi, ki sauke yana kore shar. Ki wanke ganye kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba, kuma kada ki tafasa alayyafo daban ki zubar da ruwan, don wani kaso na amfaninsa ruwan yake bi. Mai kaɗan ki sa, amma kada ki hana gaba ɗaya, domin bitamin A da ke cikin kabewa da koren ganye sai da maiƙo jiki yake iya ɗaukarsa. In manja ne, kada ki soya shi har ya yi fari, jan nan shi ne amfaninsa.

Sai batun gishiri, wanda shi ne babban aikin. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, kuma da duk abin da mutum ya ci daga safe zuwa dare ake lissafi. Mata da yawa sukan ce mini sun daina sa gishiri, sai na tambaya magi nawa suke jefawa, a ce shida. To ai kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Farin magi ma yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda yake tayar da jini. Haka kanwa, haka yajin taliyar yara, kifin gwangwani, burodi, da yajin tsiren da maigida zai tsaya ya saya a hanya ba ki sani ba.

Kada ki janye gishirin rana ɗaya, shi ya sa yake ture kwano. In shida kike sawa, ki koma biyar na mako guda ko biyu, sannan huɗu, a haka har ki sauko. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gurbin da ya bari kuma ki cike shi da daddawa mai kyau, busasshen kifi, tafarnuwa, citta, masoro, kimba da albasa da yawa. Ɗan tsami, na yakuwa ko lemon tsami, yana tayar da ɗanɗanon miya sosai. Kuma don Allah tukunya ɗaya za ki yi wa kowa. Ranar da kika ware masa tasa miyar daban, yana jin ƙamshin taku, ranar kika mayar da shi majinyaci a gidansa, kuma zai rama a wajen mai tsire. Yaran ma ribarsu ce su tashi da harshen da bai saba da gishiri ba.

Maganin asibiti ya ci gaba da sha ko da ya ji garau. In kuma an taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu, ku koma ku tambayi likitan irin ganyen da zai ci da yawansa, don masu ciwon ƙoda dokarsu daban ce.

Tambaya: Anti, ni amarya ce, gida ɗaya muke da surukata. Komai sai ta ce in sa kanwa: wake, kuɓewa, zogale, har miyar tumatir. Ni kuma na ji an ce kanwa tana da illa. Wa ke da gaskiya? Daga Zariya.

Amsa: Ɗiyata, ku biyun duka. Hajiya ba ta yi ƙarya ba: kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, tana ƙara wa kuɓewa yauƙi, tana riƙe koren ganye, tana kashe tsami. Matar da take girki da itace, tana lissafin kowane ƙirare, tana da hujjarta. Abin da kanwa take karɓa a madadin wannan aiki shi ne bitamin C da wasu daga cikin dangin bitamin B, waɗanda ba sa jure ta, ga kuma sodiyam da take ƙarawa.

Wake dai ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora da sabo. Zai nuna ba kanwa, kuma kumburin ciki yana raguwa. Tumatir da duk wani abu mai tsami ki jinkirta su sai ya yi laushi, don tsami yana sa wake taurin kai. Ɗanyar kuɓewa in kin goga ta, kin sa a ruwa kaɗan, ba ki rufe tukunya ba, kin buga ta da maburgi, yauƙinta ya isa. Tsamin tumatir kuwa dogon dahuwa da albasa suna kashe shi. Ɗanwake ne ban ce ki taɓa ba, shi da ruwan kanwa aka san shi, kuma ba kullum ake ci ba.

Amma kada ki je gaban Hajiya ki ce kin gani a waya. Ki jiƙa wakenki shiru, ki dafa, ki kai mata. In ta yaba, sai ki ce ai gawayi kike tattali.

Tambaya: Hajiya, ina da ciwon suga shekara uku. Wani abokina ya ce in riƙa shan garin zogale safe da yamma in ajiye ƙwayoyin asibiti. Me kika gani? Magidanci, daga Maraɗi.

Amsa: Malam, kada ka ajiye. Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, amma ba ya maye gurbin maganin suga, kuma ranar da sugan ya hau ba abokin naka ne zai kwanta ba. Ka ci shi a matsayin abinci. Ku mutanen Maraɗi ba a koya muku kwaɗon zogale da dambu, sai dai ka ce wa iyali ganyen ya fi tsakin yawa, ƙuli ya ji, mai ya ragu. In za a shanya shi don rani, a inuwa ake shanyawa, inda iska take ratsawa. Rana tana cinye korensa da bitamin ɗinsa. Ka kuma gaya wa likitanka kana cin sa da yawa, don ya san abin da yake gani in ya auna ka.

Tambaya: Anti, duk farkon damina tumatir sai ya gagare mu. Da me zan yi miyar dage-dage? Daga Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan kukan na kowace shekara ne, don tumatir ɗin noman rani yana ƙarewa ne kafin na damina ya iso. A 2016 ma tsutsar nan ta Tuta absoluta ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, har kwando ya fi ƙarfin mai albashi. Maganin tun lokacin sanyi ake yin sa, sa'ad da kwando yake araha: ki yanka, ki shanya a kan tabarma mai tsabta a sama, ba a ƙasa ba, ki rufe da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda, ki adana kauɗarki a mazubi mai murfi. In ta kasuwa za ki saya, ki zaɓi ja, ki guji wadda ta yi baƙi ko take warin fumfuna, ki wanke ta sau da yawa saboda yashi, sannan ki jiƙa a ruwan ɗumi kafin niƙa.

In kuma babu kauɗar, ki dafa karas uku ko yankin kabewa har su yi laushi, ki niƙa su da tattasai biyar, albasa manya biyu da attaruhu daidai bakinki. Ki soya kamar yadda kika saba. Zaƙi zai ɗan fito, sai ki matsa rabin lemon tsami ko ki zuba cokali biyu na ruwan tsamiya dab da saukewa.