Farin Takarda Ya Rufe Mini Shadda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tsara katin gayyatar biki da na suna ga Hausawanmu na Jidda. Na zana furen lalle da baƙin biro, na ɗauki hotonsa, amma da na ɗora shi kan hoton shadda a manhajar gyaran hoto ta Photoshop sai farin takardar ya rufe komai. Gogewa da hannu tana cinye mini dare.

Amsa: Wa alaikis salam ƴar'uwa. Ki bar gogewar nan, tana cinye siraran layukan da su ne kyawun lalle. Ki zaɓi leyar zanen, wato shimfiɗar da zanen yake a kai, ki sauya yanayin gaurayarta, wato yadda take haɗuwa da hoton da ke ƙarƙashinta, daga Nomal (Normal) zuwa Maltiflai (Multiply). Kwamfuta tana ƙirga haske daga 0, wato baƙi, zuwa 255, wato fari. Maltiflai yana ninka lambar hasken zanen da ta shaddar da ke ƙasa ya raba da 255, don haka fari ba ya taɓa abin da ke ƙarƙashinsa, baƙi kuma ya zauna daram.

Sai dai hoton waya yakan fito da takarda toka-toka, kuma tokar za ta dusashe shaddar. Ki danna Ctrl da L, akwatin daidaita haske zai buɗe, ki ja madannin fari har takardar ta yi fari fat.

Idan shaddar mai duhu ce, ki juya launin zanen da Ctrl da I, ki sauya yanayin gaurayar zuwa Sikirin (Screen), furen zai fito fari.

Inuwar da ake sa wa rubutu kuwa, don Allah kaɗan. Ina ganin katuna da yawa da inuwa ta danne sunan amarya, abin yana damuna.