Shekaruna 58, duk abin da na tara yana cikin shago

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 58. Ba ni da fansho, ga ƙarfi ya fara ja baya. Duk abin da na tara yana cikin kayan shago da bashin da nake bin mutane. Ta ina zan fara shirin ranar da zan daina fita kasuwa?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne, da ƙafarka shagon yake tafiya. Yardar da masu ba ka kaya suke yi maka, da abokan cinikin da suka saba da fuskarka, duk a jikinka suke. In ka kwanta jinyar wata uku, ciniki zai faɗi a daidai lokacin da kuɗin magani ya taso. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka fitar da wani kaso na dukiyar zuwa inda zai ciyar da kai ko ka fita ko ba ka fita ba.

Ka fara da alƙalami. Rubuta duk abin da gida yake ci na wata uku, har da magani da taimakon dangi, ka ninka sau huɗu, ka sami na shekara. Sannan ka ƙirga kayan shago a farashin da za su tafi yau, ba wanda ka saro su ba. Kayan da suka shekara a kan kanta suna shan ƙura, karyar da su ka karɓi kuɗi. Bashin da ya haura shekara ba a rage komai ba, ka ci gaba da bi, amma kada ka sa shi cikin lissafin dukiyarka.

Nawa ne zai isa? A 1994 wani masanin tsara kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin hannun jari da takardun lamunin ƙasarsu, ya nuna cewa wanda ya ci kashi 4 cikin 100 na ajiyarsa a shekarar farko, yana ƙarawa gwargwadon tsadar kaya, kuɗin zai kai shi shekara 30. Wato kana neman ninki 25 na kashewar shekara, bayan ka cire abin da haya ko kason shago zai riƙa kawowa. Da alƙaluman Amurka ya yi lissafin, don haka ka ɗauke shi ma'auni kawai, musamman inda farashi ke hawa da gudu. Gwada wannan: raba 72 da adadin hauhawar farashi. In kashi 12 ne a shekara, cikin shekara 6 kuɗin da ka ɓoye rabin kayan yau kawai zai saya.

Shi ya sa tsabar kuɗi ba za ta wuce ta kashewar wata 6 zuwa 12 ba, a asusu na daban da shago ba ya taɓawa. Yanka wa kanka albashi, sannan kowane wata ka zare kashi 15 zuwa 20 na riba. Ka raba su tsakanin takardun lamunin gwamnati, ko sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, in kana gudun kuɗin ruwa, da ɗan zinariya. Ka sayi takardun da wa'adin biyansu zai riƙa cika a shekaru daban-daban, kada su zo lokaci guda. Gidan haya yana da kyau, amma ka cire kuɗin gyara da watannin da zai zauna ba kowa kafin ka kira saura riba, kuma ba a yanke ɗaki ɗaya a sayar ranar da aka kwantar da mutum a asibiti.

Duk wanda ya zo maka da alƙawarin riba mai tsoka kowane wata, wai babu faɗuwa, ka sallame shi. Da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko har abin ya rushe. Matashi in ya faɗi yana da shekarun tashi, kai kuwa naka sun yi ƙaranci.

Magajin shago kuma yanzu za ka zaɓe shi, tun kana da ƙarfin gyara masa kuskure. Ku yi shekara biyu tare, ka kai shi wurin masu ba ka kaya su san shi. Ku rubuta kasonka na wata a gaban shaidu, ko da ɗan cikinka ne, a riƙa ƙirgar kaya duk bayan wata uku. Ka kuma rubuta wanda kake bi da wanda yake binka, ka nuna wa mutum biyu da ka yarda da su inda takardun suke.