Maganin Hawan Jinin Baba Ya Fi Ƙarfin Aljihunmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da hawan jini, muna zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kubau. Maganin da aka rubuta masa a Zariya ya yi tsada, ga kuɗin mota. Yanzu sai ranar kasuwar Anchau nake sayo masa ƙwaya biyar ko shida, yana sha duk ranar da kansa ya yi ciwo. Ina talaka zai samu da sauƙi? Ina tsoron kada ya faɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Tsadar gaskiya ce, tun da naira ta faɗi a 2023, domin yawancin sinadaran magani daga Indiya da Sin ake shigo da su. Amma duba takardar, sau da yawa sunan kamfani kake saye. Norvasc, alal misali, amlodipine ne, kuma akwai amlodipine na wasu kamfanoni mai lambar NAFDAC da ya fi shi arha nesa ba kusa ba, aikinsu ɗaya. Ka ce wa likita ya rubuta asalin sunan maganin, ka sayi na wata guda a shago mai rajista.

Sannan ka je ƙaramin asibitin mazaɓarku, da lambar NIN ɗin Baba, ka tambayi rajistar KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusu domin kula da marasa ƙarfi a irin waɗannan asibitoci, har da tsofaffi. Idan aka ce ka dawo gobe, ka koma goben. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba.

Sai dai, ɗan'uwa, abin da ya tayar min da hankali ba kuɗin ba ne, wannan "duk ranar da kansa ya yi ciwo" ɗin ne. Wa ya gaya muku hawan jini ana jin sa a jiki? Kullum sai na ji wannan magana, bakina har ya gaji. Mutum zai yi noma, ya ci tuwo, ya yi barci lafiya lau, alhali jininsa ya haura 180 yana cin ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Ciwon kai ba ma'auni ba ne, na'urar gwaji ce ma'auni. Amlodipine sai an yi kusan mako ana sha kullum kafin ya daidaita a jini. Wanda ya sha yau ya bari sai jibi, ya zubar da kuɗinsa ne, bai kuma tsira ba.

Na ga dattijon da aka kawo a kan babur, an riƙe shi ta baya, baki ya karkace, hannun dama ya saki. 'Ya'yansa suka ce iska ce ta buge shi. Da aka laluba aljihunsa sai ga ƙullin leda: ƙwayoyi kala huɗu, babu kwali, babu suna. Haɗi ne na mai tire a kasuwa, wanda rana ta gasa. Irin haɗin nan sau da yawa yana ɗauke da magungunan rage ciwo da kumburi, diclofenac ko dexamethasone, kuma dukansu ƙara hawan jini suke yi. Jiki ya yi sakayau, a ce magani ya karɓe shi! Balle mai lasifika a bayan mota da ke rantsuwa garin maganinsa na kashe hawan jini a kwana uku. Ƙarya yake, ko da ya sha Alƙur'ani. Wannan ciwo lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwa.

Ku haɗa kuɗi da 'yan'uwanka duk wata, ya riƙa sha bayan sallar asuba kada ya manta, a rage masa gishiri da dunƙule, a gwada jinin a kai a kai. Idan kuka ga baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a wuce da shi babban asibiti nan take, a yi tofin a hanya.