Yara Na Kallon Bidiyo, Kirana Na Yankewa

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Gwammaja, rauta (na'urar raba intanet) ɗaya muke amfani da ita. Da yaran shago sun buɗe YouTube sai kiran WhatsApp ɗina da masu kawo min kaya daga Legas ya riƙa sarƙewa. In ƙaro data ne?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Data ba ta ƙare ba, rububin shiga ake a ƙofa ɗaya, kamar Ƙofar Nasarawa da yamma. Kiran murya ba ya cin data sosai, jira ne ba ya so.

Juya rautar, a ƙarƙashinta za ka ga adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza ka shiga, ka nemi QoS, wato saitin da ke tsara wanda rauta za ta fara ba hanya. Auna gudun intanet ɗinka da dare, ka rubuta kashi 85 cikin 100 na abin da ka samu a cikin QoS ɗin, musamman ɓangaren tura bayanai (upload), don nan layi ke fara toshewa. Sai ka sa wayarka da kwamfutar aiki a sahun gaba, ka yanka wa wayoyin yaran megabit 1 kowanne. Za su yi guna-guni, ƙyale su.

Ƙananan rautocin aljihu, wato MiFi, dai yawanci ba su da wannan saiti. In irinta ce gare ka, leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ka nemi rauta mai QoS.