Fim na 4K yana tsayawa: rauta zan saya ko suwic?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da na'urar NAS, wato ma'ajiyar fayiloli da ake haɗawa da rauta, da nake tara fina-finai da hotunan iyali a ciki, ga talabijin biyu, na'urar wasan yara da kwamfuta. Rautar da kamfanin intanet ya ba ni kafa huɗu gare ta, duk sun cika. Fim mai ingancin 4K kuma yakan tsaya yana juyi idan ana kallo a falo ta Wi-Fi. In sayi sabuwar rauta mai tsada ne, ko suwic?

Amsa: Wa alaikumus salam. A yadda ka bayyana, suwic da wayar kebul kake bukata, ba sabuwar rauta ba.

Rauta ita ce ke haɗa gidanka da intanet, tana kuma ba kowace na'ura adireshinta. Suwic ba ruwansa da intanet. Aikinsa ya karɓi bayani daga wannan waya ya miƙa wa waccan. Fim ɗin da ke kan NAS ɗinka ba ya fita waje ya dawo, daga NAS zuwa talabijin kawai yake tafiya. Idan duka biyun suna kan suwic ɗaya da waya, rautar ba ta ma san ana kallo ba.

Nemi suwic na gigabit (gudun megabit 1,000 a daƙiƙa) mai kafa takwas, marar saiti, marar fanka tunda a falo zai zauna. Kafa biyar za ta yi maka kaɗan, domin ɗaya tana tafiya wajen haɗi da rauta. Duk abin da ba ya motsi, talabijin, NAS, na'urar wasa, a ja masa waya. Wi-Fi a bar wa wayoyin hannu.

Wajen adadi ne mutane ke ruɗewa. Netflix na cewa megabit 15 a daƙiƙa sun isa kallon 4K, domin sun matse fim ɗin sosai. Amma fim da aka kwafo daga faifan Blu-ray na 4K ba a matse shi haka ba, a wurare masu yawan motsi yakan kusanci megabit 100. Wi-Fi da ya ratsa bango biyu, musamman a zangon 2.4 GHz, ba zai riƙe wannan ba tsawon awa biyu.

Akwai wani tarko kuma. Talabijin da yawa, har masu tsada, kafar wayarsu megabit 100 ce kawai, ba gigabit ba. Ka duba takardar bayanin naka. Idan haka ne kuma manyan fayiloli suna ci gaba da tsayawa, sai ka sa akwatin kallo mai kafar gigabit, irin Nvidia Shield TV ko Apple TV 4K mai kafar waya, ka haɗa shi da talabijin ta HDMI.

Kebul ɗin Cat5e yana ɗaukar gigabit har mita 100, ba sai ka kashe kuɗi kan wanda ya fi shi ba. Sai dai gigabit yana amfani da zare takwas ɗin da ke cikinsa gaba ɗaya. Na taɓa zuwa wani gida da aka sayi komai sabo amma fim yana ta tsayawa. Da na zare kan wayar na ɗaga shi wajen haske, zare ɗaya bai kai ƙarshen kan robar ba. Haɗin bai yanke ba, ya sauka ne shiru zuwa megabit 100. Muka sake matse kan, fitilar suwic ta canza launi, shi ke nan.

Suwic na gigabit 2.5 sai idan NAS da kwamfutarka duka suna da irin wannan kafa kuma kana yawan kwafar manyan fayiloli. Don kallo kawai, asara ce. Suwic mai saiti kuwa, wanda ya biya kuɗin IPTV, wato tashoshin talabijin ta intanet, daga kamfanin intanet ne zai so shi, ko aƙalla mai IGMP snooping, fasahar da ke kai tasha ga na'urar da ta nema kawai, don kada tashar da ake kallo a ɗaki ɗaya ta cika duk wayoyin kebul na gidan.

Rauta kuwa a canza ta idan kafofinta megabit 100 ne, ko ba ta da zangon 5 GHz, ko an daina yi mata sabuntawar tsaro. Mai Wi-Fi 6 ta wadatar. Idan ka kawo sabuwa, kada ka bar biyun suna raba adireshi kowacce da nata. Za ka ga talabijin na kan wannan, NAS na kan waccan, su kasa gano juna a cikin gida ɗaya ta DLNA ko Plex, hanyoyin da talabijin ke samo fim daga NAS. Ka mayar da ta kamfanin gada kawai, wato ta miƙa intanet ga sabuwar ba tare da raba adireshi ba, ko ka sa sabuwar ta yi aikin watsa Wi-Fi zalla.

Kuma waya ɗaya tak tsakanin suwic da rauta. Idan ka ja biyu da tunanin ƙarin gudu, bayanai za su riƙa zagayawa tsakaninsu har duk gidan ya tsaya.