Neman madogara da kalma ɗaya daga layin umarni

Malam, tambayarka ita ce yadda za ka nemo littafi ko maƙala da kalma ɗaya a fayil ɗin madogararka na .bib ba tare da ka buɗe Zotero, manhajar adana madogara, ba. grep, umarnin da ke nemo kalma a cikin fayil, ya ishe ka. Buɗe tamina (terminal, tagar da ake rubuta umarni), shiga folda ɗin da fayil ɗin yake, ka rubuta grep -i "gobarau" madogara.bib, in kalmar da kake nema gobarau ce, sunan fayil ɗin kuma madogara.bib. Wannan -i shi ke hana shi bambanta babban baƙi da ƙarami. Sai dai layin da kalmar take kaɗai zai ba ka. In kana son shigarwar gaba ɗaya, da marubuci da shekara, yi amfani da wani umarnin, awk, ka rubuta awk -v RS= 'tolower($0) ~ /gobarau/' madogara.bib, muddin akwai layi fanko tsakanin kowace shigarwa da ta gaba.

Amma fa ka kula da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Lokacin da nake haɗa kundina kan ƙofofin ganuwar Katsina, na nemi "ƙofar" na samu kaɗan, har na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace. Ashe yawancin sunayen an shigar da su da k zalla: Kofar Sauri, Kofar Kaura, Kofar Marusa. A wurin kwamfuta k daban, ƙ daban. Tun daga nan grep -i "[kƙ]ofar" nake rubutawa, haka ma d da ɗ, b da ɓ. Sharaɗin dai tamina ɗinka ta kasance a kan UTF-8, tsarin haruffan da ya san baƙaƙenmu masu lanƙwasa; ka duba da umarnin locale.